Sunan da Ke Cikin Rajistar Aji Ɗaya

Yanzu suna ya yi arha. Ina zaune a ƙofar ɗakina sai in ji matar jikana ta leƙa waje ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da cikakken sunansa, kamar mai korar akuya daga gonar mutane. Ko a jikinta. In ya zo ta rungume shi a gaban surukanta, mu da muka san kunya mu sunkuyar da kai a madadinta. Ka je asibiti, ma'aikaciya ta tsaya a bakin ƙofa tana jefo sunayen dattawa ɗaya bayan ɗaya, tsoho da furfurarsa ya miƙe ya ce ga ni. Ban ce sun yi laifi ba, malamai ma sun ce ba haramun ba ne. Amma ni ba haka na tashi ba, kuma ina so kafin ƙasa ta rufe mini ido a rubuta yadda muka riƙe suna, da ranar da na saki wanda na fi riƙewa. Ban yi boko ba, ban san yadda ake kama biro ba. Bakin nawa ne, hannun na wata ne. Amma in batun magana ce, har yau ban ga wanda zai koya mini ba.

A ƙauyenmu, can wajen Sandamu, ba ƙararrawa ke tashin yaro ba. Taɓarya ce. Ɗaya za ta fara daga gidan maƙera, wata ta amsa daga bayan danga, kafin ka wanke ido gari ya ɗauka, 'yan mata na lugude suna jefa taɓarya sama su tafa su cafe. Sai kukan igiyar guga a kan itacen rijiya, sai gurzar dutsen niƙa, sai mazarin tsofaffi yana zuu a cikin tasa. Ajinmu tsakar gida ne. Ƙirga a kan curin fura na koye shi, da damman gero in ana ɗura rumbu. Ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce maimaita. Kakata takan ce, “Zauna nan ki dubi hannuna, ba zan faɗa miki komai ba,” kuma in ka duba da kyau sai ka ga ka iya. In ka ɓata tsaki, ka sha ranƙwashi, ka sake. Haka muka iya sussuka da shiƙa da kaɗi, haka muka iya gane hadarin da zai zubar da wanda iska ce kawai a cikinsa.

Kowa yana da sunan yanka da liman ya raɗa masa, amma naɗe shi ake yi a ajiye kamar zanen Sallah. Abin da ke yawo a gari su Ladi ne da Larai, su Tanko da Auta da Cindo. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko da za a ɗora mata wuƙa, sai dai ta ce shi, ko mai gidan. In yaron maƙwabta ya ci sunan surukinki, ya zama mai sunan baba har ya tsufa. Ɗan fari kuwa shi ne ƙarshen kunya. Ni 'yar fari ce. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, mahaifiyata kuma ba ta kirana, ba ta dubana ido cikin ido, in za ta aike ni sai ta ce wa bango, “A ce wa waccan ta ɗebo ruwa.” Ƙannena na ɗare-ɗare a cinyarta, ni ina leƙe daga bayan rumbu.

Wata rana, ban fi shekara bakwai ba, na dawo daga rijiya na fasa tulu a ƙofar gida. Na tsaya cikin ruwa ina jira ta zage ni, don in ta zage ni ai dole ta kira ni. Ta wuce ta gefena ta kwashe katangar tulun, ba ta ce uffan ba. Na shiga ɗakin kakata na fashe da kuka na ce Inna ba ta sona. Tsohuwa ta ci gaba da kaɗinta har na gaji, sannan ta ce, “Ƙanzon da kike tararwa kullum a kan danga, cikin ƙoƙo, an zuba masa man shanu, aljanu ke ajiye miki?” Na share hawaye. Ta ce, “Ranar da kika yi ƙyanda, wa ya kwana bakwai a bakin ƙofar nan zaune, ya ƙi shiga ya ƙi tafiya? Kunya ce, 'yar nan, ba ƙi ba ce. In kin haihu kya gane.” Tun daga ranar na daina leƙe. Na koma cin ƙanzona da girman kai, ƙannena na kallo.

Aure ya kawo ni cikin birnin Daura, na haihu, na kuwa gane. Ta fari mace ce, na yi mata yadda aka yi mini, ban rage ko ƙwayar gero ba. Shekara ashirin da wani abu tana gabana, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ke, waccan, yayarsu. Mata suna misali da ni a unguwa, ni kuma ina jin daɗin hakan. Ta yi aure, ta zo haihuwar fari a gida, jini ya ɓalle. Ina riƙe da ƙafafunta har suka yi sanyi a hannuna, ban kira ta ba. Ranar suna uban jaririya ya mayar mata da sunan uwarta, aka miƙo mini ita a cikin zane. Muka sa mata Talle, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya zo duniya ya tarar da maraici. Da sunan ta yi rarrafe, da shi ta yi tafiya, ba wanda ya taɓa kiranta da wani a gidan nan.

Shekarun da aka fara shari'ar Musulunci Talle ta isa shiga makaranta. Ubanta ya daɗe da sake aure, yana Mai'aduwa yana fataucin dabbobi zuwa cikin Nijar. Matarsa mutuniyar kirki ce, amma ga goyo ga ciki, hannu take nema. Ya zo ya durƙusa ya ce yana son 'yarsa. Na ce masa ga firamare nan a bayan gidana, a can kuwa sai ta yi tafiya. Ya ce, “To Inna, in karatu za ta yi, na bar miki. In zaman gida ne, gara ta zauna a nawa.” Da kansa ya kai ta aka rubuta, ya hau babur ɗinsa ya koma. Ni kuwa na ɗauki tukunyar ɗanwakena na kafa a ƙarƙashin darbejiyar da ke jikin tagar aji ɗaya. Mutane sun ɗauka ciniki ya kai ni. Tagar ce ta kai ni, don ba ta da marfi.

Abin da na gani ta tagar nan ya ishe ni tatsuniya har in mutu. Takalma tuli a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a, in an tashi kowa ya sa wanda ƙafarsa ta samu. Yara sun kusa ɗari zaune a ƙasa, mata ɓangare guda cikin fararen hijabai da aka ɗinka musu da girma don su kai baɗi, wata in ta tashi sai ta taka nata ta kifa. Maza a ɗaya ɓangaren, kai duk ƙura. Wannan na cin alli, wancan ya yi barci da ɗan yatsa a baki, wata ta saki fitsari ta zauna a kai shiru kamar ba ita ba. Fensir ana raba shi biyu a ɗaure da zare a rataya a wuya kamar laya. In na wani ya ɓace sai ka ji aji ya ɗauka, “Wallahi za a yanke maka hannu!” don lokacin maganar da ke bakin manya ke nan, su kuma yara sun ɗauke ta da gaske.

Malamar yarinya ce 'yar Mashi, ba ta girmi autata ba, ga goyo a bayanta. Da farko na raina ta. Na ce wannan da ba ta iya ɗaura zane da kyau ba ita za ta riƙe yara ɗari? Amma ido ba ya ƙarya. Na ga tana feƙe fensir da reza tana magana tana jijjiga goyo, duk lokaci guda. Na ga tana kama hannun yaro cikin nata su ja layi tare, in ya karkace ta ce, “Madalla, saura kaɗan ya miƙe.” Ƙirga da murafun kwalba take koya musu, kowa da nasa goma a aljihu, in suna gudu sai ka ji su caka-caka. Bulala tana da ita, amma tebur ke shan ta. Tana gane wanda bai karya ba tun daga yadda ya zauna, sai ta leƙo ta taga ta ce a hankali, “Inna, a sa wa mai koren wandon nan.” Mu an koya mana da shiru, ita tana koyarwa da murya har ta dishe kafin azahar. Hanya daban ce, amma na yarda aiki take yi.

Abu ɗaya ne ban iya tsayawa in ji ba. Kowace safiya takan buɗe babban littafin nan da suke kira rajista ta kira suna, yaro ya ce na'am. Ranar farko ina kwasar ɗanwake na ji sunan 'yata ya fito ta taga, tsirara, kamar an watsa mini ruwan sanyi. Matsamin ya faɗi daga hannuna. Daga ranar, da na ga ta jawo littafin sai in kwashi kwanuka in tafi bakin famfo, ba na dawowa sai an gama. Kuskurena ke nan. Da na tsaya ko sau ɗaya, da na ji cewa in an kira sunan ba mai amsawa.

Ana nan sai aka ce masu duba makarantu za su zo. Hedimasta ya shiga aji ɗaya ya ce ajin ya cika da 'yan rakiya, ƙananan da ke biyo yayyensu ba a rubuta su ba. Duk wanda ba ya amsa suna ya koma gida, sunan da ba shi da mai shi kuma a soke. Ina tsaka da yanka albasa sai ga Talle a gabana, ta rungume jakar buhunta.

“Tsohuwa, tashi mu tafi. An ce ni 'yar rakiya ce.”

“Wa kika rako?”

“Ni ma ban sani ba.”

Nan take a raina na ga babur ɗin ubanta a ƙofar gidana, na ga ɗakina ba kowa. Na goge hannu, na kama nata. Tunda nake ban taɓa taka cikin aji ba sai ranar. Na cire takalmi na yi sallama, yara suka miƙe ruu suka gaishe ni kamar wata babbar baƙuwa. Hedimasta na tsaye gefen tebur.

Na ce, “Malama, wannan ba rakiya ta zo ba. Ubanta da ƙafarsa ya kawo ta aka rubuta.”

“Inna, ai na san ta, kullum tana layin gaba, ta fi kowa iya ƙirga. Amma na tambaye ta suna ta ce Talle, ni kuma ba Talle a littafina. Mene ne sunanta na yanka?”

“Sunan uwarta ne.”

Hedimasta ya ce, “To Hajiya, me sunan uwar? Muna da aiki.”

Na dubi ƙasa. Na ce, “Uwar tata 'yar farina ce.”

Malama ta ce, “Ayya.” Ashe an yi mata tarbiyya. Ta juya littafin ta ce, “Sunaye huɗu gare ni da ba a taɓa amsawa ba. Zan karanto su, in na zo kansa ki yi gyaran murya kawai.” Ta karanta na farko, ta karanta na biyu. A na uku na yi gyaran murya. Na ce alhamdu lillahi, an gama, ban zubar da komai ba.

Ta durƙusa da goyonta a gaban Talle ta ce, “Ƙawata, kin ji sunanki. Daga yau in na kira shi sai ki ce na'am.”

Talle ta maƙe kafaɗa. “Ba nawa ba ne. Na wata yarinya ce da ba ta zuwa, kullum ana kiranta.”

“Ke ce yarinyar.”

“Ni Talle ce. In na ɗauki nata ai sata na yi, a yanke mini hannu.” Ta ɓoye hannayenta cikin hijabi. Aji ya tuntsure da dariya, har hedimasta sai da ya juya baya. Da ya juyo ya ce, “Hajiya, ba wasa ba ne. Gobe baƙi za su kira suna da kansu. In aka kira ta yi shiru, cewa za su yi mun cika littafi da sunayen iska. Ko ta amsa, ko in soke.”

Na ce, “Naki ne mana, ja'ira. Amsa ki huta.”

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da uwarta ba ta taɓa yi ba. “Ke kika san sunana. In nawa ne, faɗa.”

“Ai Malama ta faɗa.”

“Malama ba a gidanmu take ba. Ke nake so.”

Na san taurin kanta, don a wurina ta gado shi. Da zan dake ta ta amsa yau, gobe a gaban baƙi sai ta kulle baki. Na tsaya a jikin allo, ga yara ɗari sun zuba mini ido, ga alli na shiga hancina. Shekara kusan talatin sunan yana ƙirjina, ina taƙama da riƙonsa. Mai shi ta tafi ba ta ji shi daga bakina ba, yanzu kuma saboda shi za a ɗauke mini abin da ta bari. Na buɗe baki ya ƙi fita, harshe ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Na sake. Ya fito a hankali, iyakar ni da ita nake nufi. Kada ku jira in faɗa muku shi a nan, sau ɗayan nan ne.

Abin da ban lissafa ba, yaran nan an horar da su, duk babban da ya tsaya a jikin allo ya faɗi kalma, maimaitawa suke sau uku. Na layin gaba suka ji suka ɗauka, na baya suka bi. Sunan da nake ɓoyewa ko daga kunnena, sai ga shi aji guda na rera shi da iyakar ƙarfinsu, har kwanon rufi na amsawa, har goyon Malama ya farka. Sau ɗaya. Sau biyu. A na uku na dafa tebur. Ban ji kunya ba, abin mamaki. Ji na yi kamar an fito da ita tsakar gida an shanya ta a rana bayan dogon ajiya.

Na ce wa Talle, “Na uwarki ne, ta bar miki. Ba sata ba ne, gado ne.”

Ta fito da hannayenta daga hijabi ta dube su. Sannan ta ce, “Na'am.”

Malama ta juya tana goge allon da ba komai a kansa. Hedimasta ya rufe littafi ya fita. Ni ma na fita, na tarar ɗanwakena ya dahu ya narke, ranar kyauta na raba shi.

Labarin korar ya riga ya isa Mai'aduwa, amma uban yana cikin Nijar, sai bayan mako uku ya zo. Ya kafe babur a ƙofar gida, har da ɗan matashin da ya ɗaura a baya don ta zauna. Muna cikin gaisuwa na shiga ɗaki in ɗebo masa ruwa, sai na tarar da ita tsugune bayan ƙofa da ƙusa a hannu, ta kanƙare mini yaɓen bango.

“Ke! Bangon da na sha wahalar shafewa?”

“Sunana ne. Malama ta rubuta mini a littafi, na iya.”

Uban ya ji hayaniya ya leƙo. Ya tsaya yana duban bangon, leɓensa na motsi ba sauti, don shi ma tun rasuwar bai sake faɗinsa ba, in ba ranar suna da ranar da ya kai ta makaranta ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya share fuska da hularsa, ya ce, “Inna, a bar ta ta yi karatunta.” Ya fita ya kwance matashin, ya miƙo mata ya ce ta riƙa zama a kai a aji.

Daga baya 'ya'yana suka yi wa gidan siminti, na ce a bar mini tafin hannu guda a bayan ƙofa. Rubutun a karkace yake, wani harafin ya fi wani girma, na ƙarshe ya gangara ƙasa don wuri ya ƙare mata. A duk duniya shi kaɗai ne rubutun da na iya karantawa, kuma da safe kafin in fita nakan karanta shi, da yatsa.